Ranar da Na Tsaya wa 'Yar Farina a Gaban Sarkin Baka

Mun tashi daga Rumde Ajiya, unguwarmu a Garwa, ana fitowa daga sallar asuba, ni da yayar maigidana, wadda duk gidanmu ke kira Goggo. Malam, maigidan nawa, da kansa ya rako mu tashar mota. Da ya miƙo mana tikiti sai ya ce, "Ku je ku gani da idonku. In abin bai kwanta muku ba, ku zo min da ita."

Wadda yake nufi 'yarmu ce ta fari. Wata bakwai ke nan tana aiki a ƙauyukan da ke bakin gandun dajin Binuwai, aikin kare wani tsuntsu da ake kira burtu. Tun da ta tafi bakin unguwa bai huta ba. Yarinya ba aure, cikin daji, tsakanin maharba da makiyaya, wai don tsuntsu. Malam ya yi haƙuri har haƙurin ya kusa ƙarewa. Ita kuwa Goggo ta yanke hukunci tun a gida, don har babbar jaka ta ɗauko babu komai a ciki, wai ta zuba kayan yarinyar.

Ni ban ce uffan ba. Masu karatu da suka san al'adarmu sun san dalili. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yabonta a gaban mutane ba. In zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan". Haka na ga uwata ta yi wa yayana har ta koma ga Allah.

Mun haye gadar Binuwai gari na washewa. Ruwan farkon damina ya fara cika kogin, ya yi ja, masu wanki sun ja da baya zuwa tudu. Daga nan sai gonaki hagu da dama, masara ta kai gwiwa, auduga ta fara leƙowa. Sau biyu jandarmomi suka tsayar da mu duba katin shaida. Goggo ta ɗaure nata cikin leda uku a bakin zane, sai da duk motar ta jira ta kwance, direba yana ta tsaki a ɓoye.

A Ngong muka sha iska. Garin nan ba ya barci, kowa da abin sayarwa a ka. Muka sayi dafaffen ƙwai da ƙosai mai zafi, mai ƙosan tana yi mana Fillanci muna mayar mata da Hausa, ciniki kuma ya faɗa lafiya lau. Abin da ya ɗauke min hankali shi ne buhunan gawayi da aka jera a bakin titi, manya-manya, kuɗinsu bai kai rabin na Garwa ba. Har na ƙudurta in muna dawowa sai na ɗora buhu biyu.

Bayan Ngong hanya ta fara nuna halinta. Rami nan, rami can, direba yana kauce musu kamar mai rawa. Bishiyoyi suka yi ta ƙaruwa, ga birai zaune a gefen kwalta suna kallonmu kamar su ne masu karɓar haraji. Wajen azahar aka sauke mu a wata mararraba, muka hau babura zuwa ƙauyen. Tun da muka hau har muka sauka Goggo ba ta daina salati ba.

Yarinyar tana tsaye a bakin ƙauye tana jiranmu. Doguwar riga ruwan ƙasa har gwiwa, wando, hijabi a ƙarƙashin malafa. Ta yi baƙi, ta rame kaɗan. Goggo ta rungume ta tana faɗa, "Dubi yadda suka mayar da ke, kamar sandar makiyayi." Ni kuwa da ta durƙusa ta ce, "Dada, sannu da hanya," sai na amsa ina kallon gefe, na tambaye ta inda zan yi alwala. Zuciyata kuwa Allah kaɗai ya san yadda take.

Masaukinta gidan wata gwauruwa ne, Kirista, daga mutanen duwatsun arewa da suka gangaro neman ƙasar noma. Wannan shi ne abu na farko da Goggo ta tanadi faɗa a kansa. Sai muka tarar matar ta ware mata ɗaki, da butarta daban, da tukunyarta daban. Da Hausarta ta kasuwa ta ce mana, "Ni ne yana tashe shi salla da asuba. In ya yi nauyin barci ina buga ƙofa." Ta tuƙa mana tuwon masara da miyar tafasa mai gyaɗa. Goggo ta ci malmala biyu, faɗan da ta tanada bai samu hanyar fita ba.

Bayan la'asar aka yi taro a ƙarƙashin wani babban maɗaci. Manoma, makiyaya biyu, mata masu tsintar kaɗanya, da maharba. Mu aka shimfiɗa mana tabarma can gefe. A nan na fara jin mene ne burtu, ni da na san shi a karin magana kawai. Baƙin tsuntsu ne babba, ya kai talo-talo, yana yawo a ƙasa shi da matarsa, suna cin macizai da fara da ƙadangaru. Ba ya sheƙa sai a kogon tsohuwar bishiya. Ƙwai biyu macen ke yi, ɗa ɗaya ke rayuwa, shi ma ba kowace shekara ba. To manyan bishiyoyin nan su masu gawayi ke nema, don sun fi auki. Da na ji haka sai buhunan Ngong suka faɗo min a rai, na sunkuyar da kai.

Abu na biyu da ke cinye shi, maharba ne. Tun kaka da kakanni maharbi kan ɗaura kan burtu a goshi, ya rufa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana saran ƙasa, namun daji su ɗauka tsuntsu ne har ya matso. Yarinyar nan ta samo wani masassaƙi ya sassaƙa kawunan itace, ya lulluɓe da baƙar fata. Wani maharbi ya ɗaura ɗaya ya gwada mana a fili, yana dosa baki a ƙasa yana waiwaye, kajin ƙauye ko gezau ba su yi ba. Aka yi ta dariya. Maharban da ke farauta a yankin da aka yarje musu duk sun karɓi na itacen.

Saura magana ɗaya, ita ce ta tara mutane. An kafa 'yan kwamiti daga cikin ƙauyen, masu zagaya bishiyar da burtu ke sheƙa don kada a sare ta. Amma ba a tsare abin da ba a san inda yake ba. A duk yankin mutum ɗaya ya san kogon da ya rage, shi ne Sarkin Baka, shugaban maharba, wani tsoho siriri mai ido ɗaya, wanda kakanninsa suka zo daga ƙasar Hausa. Wata bakwai tana binsa yana zillewa.

Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, macen tana kwance kan ƙwai yanzu. Masu gatari sun kai bakin rafi. In ba mu sa masu tsaro ba, bana ma za a rasa."

Tsohon ya daɗe yana murza goro a hannu. Sannan ya ce, "Yarinya, ba ki da laifi a wurina. Amma shekarun baya wasu baƙi sun zo da mota da takardu, bakinsu ya fi naki zaƙi. Na kai su wani kogo. Kwana bakwai na koma na tarar da gashi a ƙasa, an cire kawunan an tafi da su. Ban san garinsu ba balle in bi su. Ran nan na rantse ba na ƙara nuna wa wanda ban san gidansu ba. Ke takarda ta kawo ki, takarda za ta mayar da ke. In abu ya lalace, ƙofar wa zan buga?"

Wani daga cikin manoman ya ce, "Ai ga mutanen gidansu can sun zo."

Tsohon ya juyo da idonsa ɗaya. "Wace ce uwar?"

Goggo ta gyara zama za ta amsa, don a irin wannan wuri ita ce bakina. Ta ce, "Ni ce goggonta, ni na yaye ta."

Ya ce, "Hajiya, na gode, amma goggo daban, nono daban. Wadda ta haife ta nake tambaya. Ta faɗa min da bakinta, yarinyar nan tana riƙe amana ko ba ta riƙewa."

Idanu duk suka juyo kaina. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa cewa "'yata" a gaban maza ba. Na dubi yarinyar, kanta a ƙasa, tana tsinke ciyawa da yatsa. Ta san ba zan yi magana ba, ba ta ma ɗago ta roƙe ni da ido ba. Wannan shi ya karya min zuciya. Na yi bisimilla a ɓoye.

Na ce, "Baba, ni na haife ta. 'Yata ce. Tun tana ƙarama in na ba ta ajiya ba ta taɓa ci ba, in ta yi ɓarna ita ke fara faɗa. Gidanmu yana Rumde Ajiya, bayan masu sayar da tabarmi, kowa ya san gidan Malam mai ɗinki. In tsuntsun nan ya salwanta ta dalilinta, ƙofata za ka buga."

Tsohon ya jefa goron a baki ya ce, "Gobe bayan asuba. Da ke za a je, tunda ke kika ɗauka."

Goggo ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ce a hankali, "Amarya, ashe kina da baki. Yau kunya ta tafi kiwo."

Washegari muka bi shi, ni da yarinyar da mutum biyu na kwamiti. Goggo ta ce ƙafarta ba ta daji ba ce. Raɓa ta jiƙa min zane har cinya, ƙaya ta kama mayafina ba sau ɗaya ba. Mun yi tafiyar kusan awa guda sai tsohon ya ɗaga hannu. Daga can nesa muka ji wata murya mai zurfi, gum, gum-gum, kamar ana buga babbar ganga a cikin rijiya. A ƙirjina na ji ta kafin kunne.

Muka laɓe bayan wani suri. Ga wata tsohuwar kuka, da kogo can sama. Sai ga namijin ya fito daga ciyawa yana taku ɗaya-ɗaya, kamar alƙali zai shiga zaure, wuyansa ja da shuɗi, ƙadangare a baki. Ya buɗe fukafukai, sai ga fari tas a ƙarshensu, ya tashi da ƙyar ya sauka bakin kogon. Wani baki ya leƙo ya karɓa. Yarinyar ta miƙo min madubin hangen nesa, na ga har gashin idonsa, zara-zara, wanda amare ke nema da kwalli ba su samu ba. Tsarki ya tabbata ga wanda ya halitta. Na tsaya ina tasbihi hawaye na zuba, ban san na tsuntsun ne ko na wadda ke tsugune kusa da ni tana rubutu a ɗan littafinta ba.

A wurin aka raba kwanakin tsaro tsakanin mutanen ƙauyen, Sarkin Baka ya ce shi ma a sa shi ranar Juma'a. A hanyar dawowa ƙauye ta riƙe min hannu a wajen tsallake rafi. Mun haye, ban sake ta da wuri ba.

Kwana biyu muka yi muka juyo. Mun iso Garwa gab da magariba, zafin garin ya tarbe mu tun daga gada. Malam yana zaune a zaure. Ya dubi bayanmu, ya ga ba kowa. Goggo ba ta bari ya tambaya ba. Ta ce, "Mun baro ta. Ƙauye guda sun rataya mata amana, matarka kuma ta tsaya mata a gaban dattawa. In ka ɗauko ta, ka kunyata gidanka da kanka."

Ya dube ni, irin duban mai son ƙarin bayani. Na ce, "Haka ne, Malam."

Tafiyar nan ta koya min abubuwa. Na gane girkin da nake yi a tsakar gidana yana da hannu a abin da ke faruwa a daji, don haka na fara tambayar murhun da ba ya cin gawayi da yawa. Na ga Musulmi da Kirista, manomi da makiyayi, sun zauna tabarma ɗaya saboda halittar Allah da ba ta iya roƙon kowa. Na kuma gane kunya ado ce, ban yar da ita ba, amma akwai ranar da shirun uwa zai iya zama zalunci.

Da daddare Malam ya dawo daga sallar isha'i. Ina kwashe tuwo ya tsaya a bakin madafa, ya yi gyaran murya. Ya ce, "Damina ta kankama, dajin nan akwai macizai. Gobe zan shiga kasuwa in nemo mata takalmin ruwa. Lamba nawa take sawa?"

Na ce, "Talatin da tara." Ban ko tsaya tunani ba.