Yadda Ummul Kulsum ta koya wa Nasira karatu

A unguwar da Ummul Kulsum take zaune cikin Gure, an fi saninta da tambaya fiye da tabarmin da take saƙawa, alhali tabarminta masu kyau ne. Babarbariya ce, a wani ƙauye kusa da Gidigir aka haife ta, kuma ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Aure ya kawo ta Gure, gidan Aisami, mai garkar rogo da albasa da ƴan bishiyoyin dabino a wani kwari bayan gari. A gida Barbarci suke yi, a kasuwa Hausa.

Ranar kasuwa in ta shimfiɗa tabarminta, ba ta barin Bafulatana ko Batuba ta wuce sai ta ji yadda suke ce wa kaba a yarensu, da yadda suke ce wa allura, da dalilin da ya sa. Wasu su amsa, wasu su yi dariya su tafi. Bayan haihuwarta ta biyu aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a unguwar, ta shiga. Da Aisami ya tambaye ta abin da za ta yi da boko, sai ta ce ita dai tana son ta san abin da aka rubuta a jikin kwalin shayi. Ta koyi karatun Hausa da rubutunta, a hankali, tana bi da yatsa. Kwalin shayin kuwa ashe Faransanci ne da Larabci a jikinsa, har aka rufe ajin ba ta karanta shi ba.

Nasira ce ƴarta ta uku, yarinya mai surutu tun daga farkawa har barci. Shekarar da za a sa ta lakwal, da zafin bazara, sanƙarau ya kama ta. Ta yi jinya a likita, Allah ya tashi kafaɗunta, aka komo gida ana murna. Sai bayan ƴan kwanaki uwar ta lura in ta kira ta daga baya ba ta waiwayowa, amma in inuwar mutum ta gifta sai ta juyo. Ta ɗauki kwano ta buga a bayan kan yarinyar. Nasira ta ci gaba da wasanta.

An gwada kai ta lakwal. Ta zauna a aji tana kallon bakin mushe, wato malamin ajin, ta komo da allonta babu ko ɗigo. Mushen ya faɗa wa Aisami gaskiya cewa yara sun yi masa yawa, kuma bai san yadda ake koyar da kurma ba, amma akwai makarantarsu a Damagaram. Aisami ya ce yarinyar ta yi ƙanƙanta, ba su da kowa a can, a bari tukuna.

Abin da ya dami Ummul Kulsum shi ne maganar Nasira ta soma lalacewa. Barbarcin da ta iya kafin ciwon yana nan, amma kalmomin suna gutsurewa daga ƙarshe, wasu sun ɓace gaba ɗaya, sababbi kuma ba su shiga. Wata rana tana tsagar kaba ta ce wa mijinta, "Malam, magana dole sai ta kunne take shiga?"

"To ta ina kuma?"

"Ni da na koyi boko ta ido ta shige ni."

"Ke ai kina ji lokacin da ake koya miki."

Ta yarda da wannan, amma ba ta bar zancen ba. Ta je wurin maƙwabcinsu Mushe Fadilu, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya. Ya saurare ta, ya ce bai taɓa yi ba, amma a fara da baƙaƙe kamar yadda ake yi wa kowane yaro. Ya ba ta alli da wani tsohon littafin koyon karatun Hausa. Ta yi ta rubuta a da b da c tana buɗe baki, Nasira tana kwaikwayon rubutun da kyau, amma a fuskarta ana gani ba ta san abin da ake nufi ba. Da uwar ta koma ta gaya wa Mushe Fadilu, sai ya ce, "Gaskiya ne, Umma. Baƙi sauti ne aka zana. Wanda bai ji sautin ba, zane kawai yake gani."

Sai ta bar baƙaƙe ta koma kan kalmomi sukutum. Ta ɗauki gawayi ta rubuta "ƙofa" a jikin ƙofa, "randa" a jikin randa, "turmi" a jikin turmi. Ba ta iya rubuta Barbarci ba, don haka da Hausa ta yi, ko da yake Hausar Nasira ba ta taka kara ta karya ba. Takan nuna abin, ta faɗi sunansa da Barbarci yarinyar tana kallon leɓɓanta, sannan ta nuna rubutun. Daga baya ta share, ta rubuta kalmar a kan rairayin tsakar gida, ta ɗaga gira. Ranar da Nasira ta dubi rairayi ta ruga ta dafa turmi, Ummul Kulsum ta bar saƙa, suka yini suna yi.

Akuya ce ta soma ba su wahala. Suna da wata farar akuya, uwar ta jiƙa shuni ta rubuta "akuya" a haƙarƙarinta. Nasira ta riƙe. Amma da aka nuna mata akuyar maƙwabta aka rubuta kalmar a ƙasa, sai ta girgiza kai, ta ja uwarta zuwa wurin tasu. Ta ɗauka sunan yanka ne. Ummul Kulsum ta yi mamakin wannan ƙwarai, don ita ba ta taɓa tunanin cewa kalma ɗaya tana ɗauke da awakin duniya duka ba. Da la'asar garken unguwa ya komo daga kiwo, ta tare shi a bakin rariya da kwanon shuninta, ta rubuta wa duk wadda ta kama. Washegari mata suka yi ta aiko tambaya ko wani magani ne, wata ma ta aiko da nata awakin a yi musu.

Kalmomin aiki kuwa a jikin Aisami aka koye su. Mutum ne mai kamun kai, ba ya ko dariya da ƙarfi, amma in ya komo daga garka sai a tsayar da shi a tsakar gida. Matarsa ta rubuta "zauna", ya zauna. Ta rubuta "tashi", ya tashi. Ta rubuta "tsalle", ya dube ta.

"Umma, ni da furfurata?"

"Sau ɗaya dai, Malam. Ba kowa a zaure."

Ya leƙa zauren, ya tattare rigarsa, ya yi tsalle. Nasira ta yi dariya har ta kwanta a ƙasa, kuma ba a sake koya mata wannan kalma ba. Ita ce ma ta riƙa rubuta masa ita duk lokacin da ya shigo.

Haka suka yi kusan shekara biyu. Da safe bayan an gama aikace-aikace su zauna gindin bishiyar bedi, ɗaya tana saƙa ɗaya tana rubutu. Yayyen Nasira maza in sun taso daga lakwal sukan karanta rubutun bango da ƙarfi, har su ma Hausarsu ta boko ta gyaru. Iyalin suka ƙirƙiro alamun hannu nasu: shafa haɓa shi ne Baba, taɓa ɗan kunne shi ne uwa, murza tafin hannu shi ne kasuwa.

"Jiya" ta samu da ɗumamen tuwo, "gobe" da wake da aka jiƙa don ƙosai. Wadda ta gagara ita ce "amma". Suna cin karo da ita a littafin Mushe Fadilu, Nasira ta ɗora yatsa a kanta ta ɗaga gira, uwar ta duba tsakar gida ba ta ga abin da za ta nuna ba. Ta shiga tambayar mutane. Aisami ya ce amma ai amma ce. Wata mai sayen tabarma ta ce kalmar masu neman ragi ce. Mushe Fadilu ya faɗa mata yadda ake cewa da Faransanci, ta ce ta gode, sai dai wannan ya ƙara mata kalma ne, bai nuna mata abin ba.

"Ina take zaune?" ta tambaye shi. "Turmi na ga inda yake. Tsalle na ga lokacin da ake yi. Ita wannan fa?"

"Tsakanin magana biyu take zaune," in ji shi, bayan ya yi tunani. "In ta biyun ta juya wa ta farin baya."

Da wannan ta koma gida. Ta riƙa neman abubuwan da suke juya wa juna baya. A garka ta rubuta a kan rairayi, dabino ya nuna amma yana sama. A gida ta rubuta, randa babba ce amma ba ruwa. Da aka yi hadari ya watse ta fito da gudu ta rubuta, hadari ya taso amma ba a yi ruwa ba. Nasira tana karantawa, ba ta nuna ta gane ko ba ta gane ba.

Sai wata rana kunama ta fito daga cikin damin kaba. Aisami, wanda ke hawa kan dabino ba igiya, ya daka tsalle ya koma kan turmi, matarsa ce ta kashe ta da takalmi. Bayan an natsu Nasira ta share rairayi da tafin hannu ta rubuta, Baba babba amma tsoro. Ummul Kulsum ta karanta, ta kifa faifai a kan rubutun don kada kaji su tattake, ta je ta kirawo Mushe Fadilu ya zo ya gani da idonsa. Aisami ya ce a share, ba wanda ya share.

Nasira tana wajen shekara goma sha ɗaya suka haɗu da Fa'iza a kasuwa. Budurwa ce kurma, ƴar Gure, ta yi karatu a Damagaram ta komo tana ɗinki. Ta ga uwa da ƴa suna magana da hannu, ta matso ta yi musu nata. Ba su gane ba, ita ma ba ta gane nasu ba. Nasira ta durƙusa ta rubuta sunanta a ƙasa da Hausa, Fa'iza ta amsa da Faransanci. Suka tsaya su uku suna kallon juna, sannan Fa'iza ta nuna tabarma ta yi alamarta, Nasira ta yi tata, suka kama dariya. Ummul Kulsum ba ta sayar da kome ba a ranar, don ta bi Fa'iza rumfa rumfa tana nuna mata kaya tana kallon hannunta.

Ta dalilin Fa'iza aka samu inda Nasira za ta zauna a Damagaram, gidan gwaggon ita Fa'izar, kusa da makarantar kurame. Aisami ya je ya ga gidan da mutanen, ya yarda. Malaman sun yi mamakin yarinyar da ta zo tana rubuta Hausa amma ba ta san alamar hannu ta makaranta ko ɗaya ba. Cikin ƴan watanni ta kamo sauran.

Yanzu in ta zo hutu ita ke riƙe da alli. Tana rubuta wa uwarta Faransanci a bango, Hausarsa a gefe, kuma Ummul Kulsum ta tara kalmomi da yawa. Sai dai tunda daga Nasira ta koya, ba ta taɓa jin yadda ake faɗinsu ba, tana karanta su ne baƙi bayan baƙi kamar Hausa. Kwanan baya Mushe Fadilu ya kawo mata ragowar alli, ta karɓa da hannu biyu ta ce masa, "Merki be'a'uko'up."

Ya tsaya yana dubanta. "Wane yare ne wannan, Umma?"

Ta rubuta masa a ƙasa. Ya karanta, ya faɗa mata yadda ake furtawa, marsi boku, wato na gode ƙwarai da Faransanci. Ta sa shi ya maimaita, tana bin rubutun da yatsa.

"To sauran baƙaƙen fa? Me suke yi a wurin in ba a faɗinsu?"

Mushe Fadilu ya ce shi ma haka ya tarar, kuma duk shekarun da ya yi yana koyarwa ba yaron da ya tambaye shi. Ta ce zai yi kyau ya bincika. Ya ce zai duba cikin littattafansa, ta ce za ta leƙo bayan la'asar.