Farin Wurin da Iya Ke Bari a Ƙwarya

Idan na gaji Iya nake tunawa, kuma shekarun nan gajiya ba ta yi mini wuyar samu. Kakata ce ta wajen uba, sana'arta zanen ƙwarya. A gidanmu na Daura, da an idar da magariba sai ta hura wuta a tsakar gida, ta cusa wuƙaƙenta cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Wutar ta ƙarfe ce, mu dai 'yan cin arziki ne. Kafin wuƙa ta yi ja sai ta ce, "To, ku matso, ga tatsuniya ta iso."

Abu ɗaya ke ba ni haushi a aikinta. Duk ƙwaryar da ta zana sai ta bar wani wuri fari fat, faɗin tafin hannu. Rannan na ce, "Iya, kin manta nan."

Ta ce, "Ke dai bakinki ba ya hutawa. Zauna ki ji."

Ta ba mu labarin wata mata da ɗanta ya rasu, ta shige ɗaki ta daina magana. Maƙwabciyarta gwanar zanen ƙwarya ce, kullum sai ta kai mata wadda ta fi kyau ko za ta gani ta ji sanyi. Matar ko kallo. Wata rana gwanar ta ƙone a hannu aiki bai ƙare ba, ta kai ƙwaryar haka nan, har da wuƙar a ciki. Da safe aka ji ƙauri daga ɗakin. Aka leƙa, sai ga matar gaban murhu tana cike gurbin, tana mita wai wace malalaciya ce ta bar aiki rabi.

"Nan ta tsaya," in ji Iya. Muka ce wannan ai ba tatsuniya ba ce, ba kura ba dodo. Ta ce mu tashi mu ba ta wuri.

Ina sakandare Iya ta rasu, ta bar mini ƙwarya guda. Na tafi Kano karatun zane a farkon shekarun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A ajin ƙarshe aka ce kowa ya nemo inda zai yi wata uku yana kwantar wa mutane hankali da zane, wanda bai kawo sa hannun amincewar wurin ba zai maimaita shekara. Na dawo Daura da jakata cike da zane-zanena, yawanci fuskokin mutane. Mako uku ina hawa babur ina sauka. Wani wurin a ce in dawo jibi, wani a buɗe jakar a rufe, a ce, "Malama, ai hoton mai rai ne." Na gaji tilis.

Saura kwana biyu wa'adin kai sa hannun ya cika, na je inda ake jinyar matan da haihuwa ta yi wa rauni. Hajiyar da ke kula da wurin ta ce, "'Yata, shiga. Amma in ba su kula ki ba, ba zan sa hannu a kan ƙarya ba." Na zaɓo zanen furanni na jera musu, ba wadda ta ɗago kai. Na fito kamar in yi kuka.

Washegari na bi ta kasuwa na sayi ƙore, na ɗebi gawayi a madafar wurin. Na zauna kusa da wata mutuniyar Mashi, wadda aka ce tun zuwanta ba ta ce uffan ba. Na ja layi rabi, na ajiye, na yi kamar ina neman abu a jaka. Can sai na ji an ce, "Ba haka ake jan shi ba. Wa ya koya miki?"

Na ce, "Kakata."

"To ba ki tsaya kin koya ba. Miƙo."

Hajiya na bakin ƙofa. Ta sa hannu ranar.

Har yanzu aikin nake yi, kuma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da ba mai taɓa ƙwaryar, in kwashe kayana in koma gida jiki a mace. Amma na daina kai wa mai baƙin ciki abin kallo. Abin da zai riƙe hannunsa nake kai masa.

Ƙwaryar da Iya ta bar mini ta yi shekaru a rataye da farin wurinta, ban taɓa tunanin don ni ta bar shi ba. Makon da mahaifiyata ta rasu na kasa amsa gaisuwar kowa. Ranar da 'yan zaman makoki suka watse na sauko da ita, na hura wuta, na sa wuƙa.