Baba Modu da Bango Mai Hamma

Duk wanda ya san Baba Modu, yayan mahaifina, ya san ba ya shiga falon mutum ya zauna kai tsaye. Sallama tana bakinsa, babban yatsansa yana bin bango. In ya ci karo da inda takardar bango ta ɗaga a mahaɗa, sai ya girgiza kai ya ce, "Bangonku yana hamma." Aljihunsa kuwa ba ya rabo da abu uku: sirinji marar allura cike da farin gam, da tsumma, da wani tsohon cokalin shayi.

Kun tuna ranar da aka tura shi Damagum nema wa yayana Bukar aure? Ana tsakiyar magana aka waiga babu shi. Ashe ya janye kujera, yana durƙushe yana danna bangon surukai da bayan cokali. Uban yarinya ya yi dariya har da hawaye, ya ce ya ba mu, tun da mun kula da bangonsa za mu kula da 'yarsa. Baba bai ko ɗago ba, cewa ya yi a dakata da fatiha, saura kusurwa ɗaya.

A kan gam kuwa ba ya wasa. Salatif a wurinsa zagi ne. Sufa-gulu, in ji shi, ƙona takarda yake yi ya bar tabo. Ni na taɓa yin wayo, na dama sitacin rogo na liƙe nawa. Bayan sati biyu ya zo ya tarar kyankyasai sun cinye gefen tas. Ya ce, "Yagana, walima kika yi ba ki gayyace ni ba?" Wallahi har ya bar duniya, in mun gaisa sai ya tambayi lafiyar baƙina.

Amma bangon da ke ransa guda ɗaya ne, na ɗakin matarsa Ya Falmata a gidansu na unguwar Yerimaram a Potiskum. Kore ne mai ƙananan furanni, ita ta zaɓa da kanta a shekarar da ta rasu. Zafin Potiskum yana ɗaga shi, Baba yana mayarwa, shekara da shekaru. Babban ɗansa, Yaya Mala, ya gaji ya kawo mai fenti a yaye takardar a huta. Baba ya dasa kujera a bakin ƙofa, ya ce wa mai fenti ya fara da shi tukuna, fari ko shuɗi duk ɗaya ne.

Da hannunsa ya fara rawa, ni ya kira, mai walimar kyankyasai. Ya koya min a ɗakin Ya Falmata: a share ƙura, a ɗiga gam kaɗan a mahaɗar, a jira sai an karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, sannan a danna da bayan cokali, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Na ce biyu ba za ta yi ba? Ya harare ni, ya ce gam ɗin ba ya kamawa sai da uku.

Bayan sadakar bakwai ta rasuwar Baba na je kasuwa sayen gam, na yi wa mai shagon mitar jiran nan. Ya ce wane jira? Shafawa ake yi a danna kawai. Sai a lokacin na tuna ban taɓa ganin Baba ya jira a bangon kowa ba, sai na ɗakinta. Ashe ita yake karanta wa. A bakin shagon na tsaya ina kuka, mutane suna kallona.

Makon jiya Yaya Mala ya sake kawo mai fenti. Suka tarar da ni a kan kujerar nan, cokali a hannuna. Yaya Mala ya dube ni, sannan ya sallami mutumin, ya ce in nuna masa yadda ake yi. Yanzu ƙafa shida muke karantawa.

Allah ya ji ƙan Baba Modu, ya ji ƙan Ya Falmata, ya haɗa su a gidan Aljanna. Amin.