Akwatin Gaisuwar Inna

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a nan Wudil, mahaifiyata ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya tafi, magana ma ta tafi, amma hankalinta garau. Inna kuwa mace ce mai son gaisuwa, in ta tare ka a hanya sai ta ji lafiyar kowa na gidanku kafin ta sake ka. To ga 'yan dubiya suna ta zuwa daga Indabo da Kausani, a ce "Sannu, ya jiki?" ita kuwa sai dai ido. Ba a jima ba ta fara juya fuska bango da zarar ta ji sallama. Wannan ya fi shi kansa ciwon ci mini rai.

Ni a lokacin gani nake ba matsalar da waya da dalma ba za su warware ba. Na haɗa ɗan akwati mai manyan maɓallai, na sa masa 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, na tsara ta yadda in an jona ta da kwamfuta za a ɗauke ta a matsayin kibod. Ƙanwata, wadda muryarta ta fi kama da ta Inna, ta naɗa mini kalmomin: "Lafiya lau," "Da sauƙi, alhamdu lillahi," "Ya mutan gida?" da "Na gode." Na sa muryar a laftof ɗina, na jona akwatin, na danna, ya yi magana tiryan-tiryan. Don zumuɗi har na je gida ƙauyenmu na ce wa Inna, "Ranar Juma'a za ki amsa gaisuwa da kanki, in sha Allah." Ta daɗe tana kallona.

Sai dai ba zan bar laftof a ƙauye ba, da shi nake karatu. Na samo ƙaramin allo mai ramin USB, irin wanda ake jona wa kibod ya karɓa, muna kiransa mai masauki. Na sa masa muryar, na haɗa masa sifika da batir, na jona akwatina. Shiru. Na kawo kibod ɗin kasuwa na gwada, allon ya karɓa nan take. Na mayar da akwatina laftof, ya yi aiki. Kowa lafiyarsa lau, amma in an haɗa su ba sa ga maciji. Na sauya kebul, na sake liƙa wayoyi, har hura ramin na yi da baki, ni mai shirin zama injiniya.

Abokina ne, wani ɗan Taraba da muke ɗaki ɗaya, ya dawo daga coci ya tarar da ni na zabga tagumi. Ya ja kujera, ya ce in cire in sake jonawa a laftof, yana kallon abin da ke bayyana.

"Mutumina, akwatinka sau biyu yake sallama," in ji shi. "Da ya samu wuta, sai ya fara cewa shi mai jiran sabon umarni ne. Sai an ɗan jima yake dawowa ya ce shi kibod ne. Laftof yana da haƙuri, yana jira. Wannan ƙaramin kuwa tambaya ɗaya yake yi, in bai ji kibod ba ya rufe ƙofa."

"To laifin wa ke nan?"

"Ba na kowa ba. Ɗaya yana da nawa, ɗaya yana da gaggawa. Koya wa mai masaukin ya jira, ya sake tambaya."

Layuka kaɗan na ƙara a cikin umarnin allon. Muka jona, aka yi ɗan shiru, na danna, sai ga muryar ƙanwata ta cika ɗakin.

Ranar Juma'a na ɗora wa Inna akwatin a cinya, na nuna mata maɓallan. Wadda ta fara shigowa Gwaggo ce, ƙanwar babana. Tun daga bakin ƙofa ta jero su kamar yadda dukkanmu muke yi: "Ina wuni, ina gajiya, ya jiki, ya haƙuri, Allah ya ƙara sauƙi." Hannun hagun Inna yana kan hanyar zuwa maɓalli tukuna. Kafin ya isa, Gwaggo ta juya tana tambayar ƙanwata ko an ba ta magani. "Lafiya lau" ya fito ba mai sauraro. Inna ta janye hannunta a hankali, na ga ta fara karkata wajen bango.

"Gwaggo, don Allah a sake," na ce, "amma ɗaya bayan ɗaya, a jira ta."

"Au, ita ce ta amsa?"

Ta matso ta zauna a bakin katifa. "Ina wuni, Yaya?" Muka yi tsit. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka a tsakiyar gaisuwa ba. Can sai muka ji, "Lafiya lau." Gwaggo ta buɗe baki za ta ci gaba, Inna ta riga ta: "Ya mutan gida?" Gwaggo ta sa gefen mayafi ta share ido, ta shiga ba ta labarin gida tun daga farko.

Maganar Inna ba ta dawo ba har Allah ya karɓi abarsa. Amma daga ranar 'yan dubiya suka koyi zama su jira ta, ita ma ta daina ba su baya.

Da na yi tunani daga baya, na ga mu mutane ne masu yawan tambayar lafiya, amma ba kasafai muke barin wurin amsa ba, don mun riga mun san abin da za a ce. Har yau in na ce wa mutum "Ya jiki?" nakan ji sauran gaisuwar tana tunkuɗo bakina. Sai in danne ta in jira. Wani ya ce da sauƙi, wani kuwa ya ɗan yi jim, sannan ya faɗa mini gaskiya.