Hular Ƙarfen da Inna ke Turare a Ciki

Ana sallame sallar asuba muka bar Abhur, arewacin Jidda, ranar Asabar, ni da ƙanin matata da ya zo ɗaukata, a tsohuwar motarsa wadda sanyinta ya mutu tun bara. A kujerar baya akwai hular ƙarfe mai tsini a ka, naɗe a bargo. Saboda ita muka fito.

Hular ta surukata ce, Inna. Tun suna Karantina take juya ta, ta soke tsinin a gwangwanin yashi, ta zuba garwashi a ciki ta yi turaren wuta. Ranar da aka rushe unguwar ta bar katifa ta ɗauki hula. Maganarta ɗaya ce: mahaifinta ya zo da ita, lokacin da ya tako daga ƙasar Kano da ƙafa, ya bi ta Sudan, ya ƙetaro teku. Ɗan nata kuwa, wato ƙanin matar tawa, wanda a nan Jidda aka haife shi, cewa ya yi tsufa ne ke damunta, wai irin kayan adon Indiya ne wani ya tsinta. Ɗakinsu na Sharafiyya ya yi musu kaɗan, har ya gaya wa mai sayen gwangwan ya zo ranar Litinin. Na ce a ba ni mako ɗaya. Ni direban gida ne, ban yi boko ba, amma na san tsohon ƙarfe in na ɗaga shi.

Bari in faɗi laifina tun yanzu. A cikin makon nan na zauna bayan garejin kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, da toka da lemun tsami da soson ƙarfe, na dirje bayan hular kamar tukunyar biki. Mu haka muka taso, abu mai daraja sai ya yi ƙyalli. Cikinta ne kawai ban taɓa ba, don Inna ta ce kada in kashe mata ƙamshi. Ban ga hikimar ba. Kunyar suruka ce ta hana ni.

Titin Madina da sassafe a buɗe yake, sai manyan motoci da motocin ma'aikata. Mun tsaya Sharafiyya muka karya da dafaffen waken ful da burodin tamis a shagon wani ɗan Afganistan, mai zafi, riyal kaɗan mutum ya ƙoshi har azahar. Na hau na gai da Inna. Sai da na kai ƙofa ta yi maganar hula, ta ce, “Ka dawo mini da ita.”

Da muka yi kudu muka bi ta gefen Karantina. Fili ne fetal.

A Haraj, kasuwar tsoffin kaya, babu abin da babu: firji, keken ɗinki, ƙofar gida ba gidan. Rana ta riga ta fara dukan ƙeya. A rumfa ta uku wani ya nuna mana huluna masu tsini kusan goma a jere, duk suna sheƙi kamar tawa. Ƙanin matata ya kwashe da dariya.

“Yaya, shuf, duba! Ga 'yan uwanta nan. Halas, magana ta ƙare, yalla mu tafi.”

Na ɗaga ɗaya. Gwangwani ce, ba nauyi. Na ce masa ya ɗaga ta Inna ya ji. Bai yarda ba, amma mai rumfar ya ɗaga, ya daina murmushi, ya kwatanta mana wani tsoho a Balad, tsohon cikin gari, mai gyaran takubba da butocin da.

Balad sai da ƙafa. Muka ajiye mota nesa, muka kutsa lunguna, gidaje masu tagogin katako sun yi mana inuwa. Tsohon ɗan Yaman ne, shagonsa bai fi ɗakin wanka ba. Ya warware bargon, ya dubi hular, ya dube ni.

“Wa ya wanke ta?”

Na ce ni ne. Ya yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina yaro. Ya nuna wani wuri kusa da baki inda hatimin maƙera yake, na share shi saura ɗan gefe. Na tsaya na sha, don gaskiyarsa ce.

Sannan ya bi ta da yatsa. Ƙananan hudojin da suka zagaye bakin, nan ake rataya sarƙar da ke kare wuya. Ƙarfen goshi, nan sandar kare hanci take shiga. Ya ce irin wadda aka ƙera wa sojojin Masar ce a ƙasar Turawa, da yawa sun zube a Sudan lokacin yaƙi, ta haura shekara ɗari. Ƙanin matata ya ce to, tsohuwa ce, amma wa ya ce ta kakansa ce?

Tsohon ya jawo hular gabansa. Ya juya ta, ya ɗiga mai a kan baƙin hayaƙin da ya daskare a ciki, ya ɗauki tsinken itace da auduga. Haka ya yi ta bi a hankali. Muka je masallaci, muka ci shinkafar Bukhari da kaza a bayan kasuwa, muka dawo, yana nan bai gama tafin hannu ɗaya ba. Can ya kira mu. Rubutu ne aka karce da bakin wuƙa. Ya ce haruffan Larabci ne amma bai gane maganar ba. Ƙanin matata, mai Larabci kamar ruwa, shi ma ya kasa.

Na karɓa na kai bakin ƙofa wurin haske. Ajami ne, irin hannun da aka koya mana a allo. Na karanta da ƙarfi: “Na Tanko maƙeri, mutumin Gaya.” Sunan mahaifin Inna ke nan, shi aka raɗa wa ƙanin matata, da shi yake amsawa a takardunsa. Ya zauna a kan wani akwati. Tsohon ya ce da na shiga ciki da sosona, da yanzu babu ko harafi.

Bayan la'asar muka koma Sharafiyya. Inna ta karɓi hular ta shinshina, ta ce mun rage mata ƙamshi. Na karanta mata rubutun. Ta ce ai ta sani, tana yarinya ta gan shi, hayaƙi ne ya rufe. Ɗan nata ya fita baranda ya kira mai gwangwan ya ce kada ya zo.

Na iso Abhur gab da magariba, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Abin da na koyo ba shi da yawa. Tsohon abu ba a wanke shi sai an tambaya, tsohuwa kuma in ta ce kada ka taɓa, to kada ka taɓa. Da zan fito daga ɗakinsu na Sharafiyya na ji Inna tana cewa a kawo mata garwashi. Ɗanta ne ya tashi da kansa, amma sabon kasko ya sayo mata.