Hoton Rana a Cikin Hankici

A tashar motar garin Hermanus, Nolitha mai tuyar fanke tana kallon wani dattijo. Kwat ɗinsa ta koɗe amma ta sha guga, hannuwansa duk kanta, da alama tsohon masunci ne. Yana warware hankici a hankali, sai ga hoton rana, harsunan wuta sun lanƙwasa a gefenta kamar mariƙin tukunya.

"'Yata ce ke auna zafinsu," in ji shi. "Ya haura digiri miliyan! Daga haskensu kawai take ganewa."

"To Baba, ta iya gane zafin man tuya kuwa?"

"Ke dai riƙe kaskonki, 'yar nan."

Ta miƙa hannu za ta karɓa, ya janye hoton.

"Da wannan maiƙon? Je ki wanko hannu."