Igiyar Takalmi a Clearwater

Kullum da safe Marisol mai sayar da kofi tana ganin dattijuwar nan tsaye a bakin titi, siririya, kai duk furfura, ko ƙifta ido ba ta yi. An ce shekara talatin ta yi a cocin nan kafin ta fita ta tona asirinsa, aka hana kowa kula ta.

Ma'aikatan cocin suna wucewa cikin kaya iri ɗaya, kowa yana kawar da kai. Wata budurwa mai irin haɓarta takan durƙusa dab da ita, ta kwance igiyar takalmi, ta sake ɗaurewa.

Yau Marisol ta kasa haƙuri. "Mama, 'yarki ce?"

"Rage murya," in ji dattijuwar. "Za ki ja mata fitina."